Sau Talatin da Ɗaya Diskin Gwaggo Tanna Ya Kulle Kansa

Hoto dubu ɗari da tamanin da shida da ɗari huɗu da ashirin ne cikin diskin Gwaggo Tanna ranar da ta kira ni ta ce abin ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana buga farce a kan faranti. Na san adadin don ni na duba shi, na rubuta a shafin farko na wani sabon kaye, littafin rubutu. Da na san abin da kayen nan zai cika da shi, da na sayi mai kauri.

Duk wadda aka yi wa biki a Tasawa cikin shekara ashirin ɗin nan ta san Tanna mai hoto. Ƙanwar mahaifina ce. A Kona aka haife ta, aure ya kawo ta gari wurin marigayi Ɗalhatu, wanda ke da ɗan shagon hoton katin shaida kusa da tasha. Ba ta taɓa zama ajin lekol, makarantar boko, ba. Amma tun tana amarya ta lura da abu guda: ranar biki mijinta yana tsaye ƙofar gida yana ɗaukar maza da manyan rigunansu, alhali bikin na gaske yana ciki, inda ƙafarsa ba ta isa. Lalle, kitso, guɗa, jeren ɗaki, kukan uwar amarya, duk ba mai ɗauka. Wata rana ta ce ya nuna mata inda ake dannawa. Ya yi dariya ya nuna mata. Kafin shekara biyu ita ake zuwa nema, shi yana tsaron shago. Da ya rasu a 2006 ta rufe shagon, ta kwaso kayan ta dawo da su ɗakinta, ta koyi ordinatar, wato kwamfuta, da ido. Har yau ba ta karanta Faransanci, amma ka ce mata "bikin Asiya ta gidan mai goro", yatsarta za ta kai ka dosiyen da hotunan bikin suke ciki kafin ka rufe baki.

A 2016 ordinatarta ta ƙi tashi, ta kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, Bube. Kwana biyu ta yi a shagonsa. Bayan sati uku sai ga hoton wata amarya yana yawo a wayoyin samari, kanta ba kallabi, tana dariya da ƙawayenta a ƙuryar ɗaki. Uwar amaryar ta zo har tsakar gidan Gwaggo ta kira ta maciyiyar amana, maƙwabta na leƙe ta katanga. Wata huɗu ba wanda ya gayyace ta ko suna. Shi kuwa Bube ko rufe shago bai yi ba, ya rantse sau ɗaya, aka ce a bar wa Allah.

Wani malamin lekol da ke haya a layinsu, Abdul Razak, shi ya sayo mata babban diski mai cin tera huɗu, ya zuba duk hotunanta ciki, ya kulle shi da kod, wato kalmar sirri. Irin kullen da ko ɓarawo ya tafi da diskin, ya farke cikinsa, ba zai ga fuskar kowa ba. Sai an buga kod ɗin yake bayyana a allo kamar an buɗe ɗaki, in kuma ya kulle ɗakin ya ɓace ɗungum. An yi wa Abdul Razak canjin wurin aiki tun tuni. Gwaggo ta riƙe kod ɗin a yatsunta, harafi ashirin da biyu, tana buga shi ba ta kallo.

Ni Raihana, shekara biyu na yi ina karatun ordinatar a Maraɗi, yanzu ina shigar da awon buhuna a biron, wato ofishin, wata ƙungiyar manoman wake. Daga biro zuwa gidan Gwaggo minti shida ne a moto, babur ɗina, bakwai in akwai amalanke a hanya. Da na ji ƙarar nan na san diskin yana mutuwa. Na aika Maraɗi aka kawo sabo, na kulle shi da kod kamar tsohon, na ce mata mu tafi da su biro inda akwai wuta dare da rana, in kwashe hotunan cikin sabon.

"Ba ya fita ɗakin nan," in ji ta.

"Gwaggo, panonki na hasken rana daga ƙarfe tara zuwa biyar kawai yake ɗaukar kayan nan. Batirinki ko fitila da ƙyar."

"An fita da kayana sau ɗaya, kin ga abin da ya biyo baya. Ki yi aikinki da rana."

Na yi lissafi. Na'ura ta ce awa arba'in da ɗaya. Awa takwas a yini, kwana biyar da ɗan motsi. Ta ce in fara da tsofaffin shekaru, don na bana masu su suna raye kuma suna da su a waya. Na ce a'a, akwai amare uku da ke jiran album, daga 2024 za mu gangaro. Ranar Alhamis ƙarfe tara da minti goma na danna, na ja mata kunne: kar ta taɓa diskin, kar ta taɓa wayar da ke haɗa shi da ordinatar, kar ta danna ko maɓalli ɗaya. In wani akwati ya fito a allo ta kira ni.

Ƙarfe goma da minti biyu ta kira.

Na tarar da allo a buɗe, wuta lafiya, fitilar diski tana ci, amma ɗakin hotuna ya ɓace. Diskin ya kulle kansa, kwafi ya tsaya. To ba tsayawar ce ta fi ci mini rai ba. Duk lokacin da aka sake farawa sai na'ura ta ɗauki minti hamsin tana ƙirga abin da ke ciki kafin ta kwafi ko hoto ɗaya, kuma duk ƙirgar nan diskin yana ƙas, ƙas. Ranar farko bugu ɗaya yake buɗewa. Ranar Litinin sai an cire an mayar sau uku. Kowane tashi yana rage masa kwana, ni kuma ina kallo.

Na bi abin daki-daki. A cikin manhajar kullen akwai wurin da aka ce ya kulle in an yi minti talatin ba a taɓa shi ba, na kashe. Akwai na kullewa in allo ya yi duhu, na kashe. Na hana ordinatar barci, na hana ta rage wa ramin waya wuta don tattali. Na canza rami. Na ɗora diskin kan bulo biyu, na juya masa fanka ko zafi ne. Na kawo mitar awon wuta daga biro na zauna ina kallon allura minti arba'in, ba ta motsa ba. Duk da haka Alhamis sau uku, Juma'a sau biyu. Littafin da ordinatar ke ajiyewa na abin da ya faru da ita ya nuna mini abu ɗaya tak: a daidai kowane lokacin nan ta yi barci na 'yan daƙiƙu ta farka. Barcin da na hana ta da hannuna!

"Mi kika taɓa?" na tambayi Gwaggo, karo na biyar.

"Ke Raihana, ki kiyaye ni. Kin ce kar in taɓa diski, ban taɓa ba. Kin ce waya, ban taɓa ba. Ga ni nan zaune ina tsintar wake kamar wadda aka sa tsaron gawa."

Asabar na zauna da kaina. Awa uku cur yana tafiya sumul. Sai mai ruwa ya yi sallama, na fita zaure na nuna masa randa, minti huɗu. Na dawo na tarar ya kulle. Na jefar da bik ɗin da nake rubutu da shi ya bugi bango. Gwaggo ta ce wataƙila abin ya san ni ne, yana jin tsorona, in na ba da baya sai ya yi abin da ya ga dama.

Lahadi ranar kasuwa ina can wurin awo, sau bakwai ta kira ni. Sau bakwai na ratsa cinkoson nan da moto, tsakanin raƙuma da buhunan gero. A zuwa na biyar na tarar da wata dattijuwa zaune bakin tabarma da 'yar jikarta a cinya. Lalla sunanta, daga Attantane ta biyo motar kasuwa. Gwaggo ce ta ɗauki bikin 'yarta Hussaina a 2012. Hussaina ta rasu bara, kuma ruwan damina ya rushe ɗakin da album ɗin yake.

"Guda ɗaya nike so," ta ce. "Yarinyar ga tana tambayata kamannin uwarta, ni kuma bakina ba ya iya zanawa."

Gwaggo ta dube ni. "Ciro mata."

Na ce ba zan shiga tono cikin diskin yana kan aiki ba, tsalle daga shekara zuwa shekara shi ke ƙara masa ƙarar. Mu bi layi, za mu kai 2012. Lalla ta ce ba komai, tana da 'yar'uwa a gari, za ta jira. Ta riƙa zuwa kowace safiya ƙarfe tara, ta gaishe mu, ta zauna, ba ta tambaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Talata na ce saura waya ban canza ba. Irin wayar diskin nan mutum ɗaya ke sayar da ita a garin, Bube. Shekara tara ban taka ƙofar shagonsa ba. Ya yi ƙiba, ya sa gilashi a kantar shagon, har da kujerar baƙi.

"A'a, madam injiniya da kanta! An ce kayan Hajiya Tanna na ta yi muku gardama."

"Waya na zo saye, Malam Bube."

"Ba waya ba ce. Kod ɗin nan ne ya yi wa diskin nauyi, tera huɗu fa. Ku kawo in cire kullen, in ya ƙi in formate shi. Kwana biyu kawai."

"Kwana biyu, kamar wancan karon?"

Ya ce shi ba ya son tone-tone, ya miƙo wayar yana kallon titi. Na fito, na yi taku kusan ɗari kafin in tuna a ƙofarsa na bar moto. Na sa sabuwar wayar. Bayan minti talatin da takwas diskin ya kulle.

Laraba da rana wani tsoho ya rasu a unguwar, aka tafi kai shi. Ranar diskin ya yi awa biyu da minti hamsin bai tsaya ba, na ce ko wayar ce ta fara aiki. Alhamis ya tsaya sau huɗu.

Juma'a ta biyu, kwana na tara, na tashi daga biro ƙarfe ɗaya na zo na shimfiɗa kayen a ƙasa. Tsayawa talatin. A kwana taran nan shekara takwas kawai muka kwashe, daga 2024 zuwa 2017, kuma yanzu sai an gwada sau shida ko bakwai diskin ke buɗewa. Na ja layi ƙarƙashin lokutan da ya fi daɗewa yana aiki. Juma'ar farko, daga sha biyu da rabi zuwa uku da minti biyar. Laraba, lokacin jana'iza. Asabar, kafin mai ruwa. Ga shi yau ma tun sha biyu da kwata yake tafiya ba tangarɗa. Mafi muni kuwa ranar kasuwa. Na duba zafi, na duba rana, na duba batir, ba wanda ya dace. Abin da ya dace shi ne wanda na ji kunyar rubutawa: diskin nan yana aiki ne in maza ba sa unguwa.

Na koma kusurwar ɗaki na zauna kan buhu, na sa ido. Gwaggo tana gefen tebur tana sa wa wata riga maɓalli, Lalla na bakin ƙofa. Ƙarfe uku da minti goma aka fara dawowa daga masallaci. Mijina Ilyasu ya tsaya zaure ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Raihana na nan?"

Ina kallo hannun hagun Gwaggo ya tashi daga kan rigar, idonta na kan allura, ya sauke murfin ordinatar ƙasa a hankali. Ta amsa sallamar, ta ce masa ina nan, ya ce in same shi gida. Takunsa ya yi nisa. Hannun ya sake tashi ya ɗaga murfin, ya koma kan riga. Daƙiƙa ashirin duka-duka. Tsayawa ta talatin da ɗaya.

"Gwaggo!" Ban san na yi ihu ba sai da yarinyar Lalla ta fashe da kuka. "Mi kika yi yanzu?"

"Mi na yi?"

"Kin rufe murfi!"

Ta dubi hannunta, ta dubi ordinatar. "To namiji ya yi sallama."

"Ilyasu ne! A zaure yake, bango biyu tsakaninku! Kuma ba hoto ko ɗaya a allon, layi ne kore yana tafiya!"

"Ni ina ruwana da wane ne? Abdul Razak ya ce in na ji namiji in sauke murfi, abin zai kulle da kansa. Shekara tara haka nike yi. Ke kin ce diski, kin ce waya, kin ce maɓalli. Kin ce murfi?"

Ban ce ba. Na hana na'ura barci ta hanya huɗu, na manta ta biyar, wadda ke gaban idona. Na tambaye ta sau biyar abin da ta taɓa, ban tambaye ta sau ɗaya yadda take aiki ba. Ita kuma ba ƙarya ta yi mini ba, hannun ne ke yi ba da saninta ba, kamar yadda mace ke jan mayafi in ta ji tari a ƙofa. Daga baya muka bi kayen tare, ta tuno mini su: mai ruwa sau tara, almajiri mai kawo katin biki, masu karɓar hoto ranar kasuwa, mai gyaran pano da ni na turo shi da kaina. Haushi ya ishe ni har ban san wa zan fara da shi ba, ita, ko ni, ko mutumin can mai gilashi a kanta da ya koya wa hannun tsohuwa tsoro.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Na shiga inda ake gaya wa ordinatar abin da za ta yi in an rufe murfi, na zaɓi kar ta yi komai. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, wato yanzu in ta rufe ba ya kullewa? Na ce na kwana uku ne. Ta tashi ta ɗauko wani kallabi ta yafa wa allon, ta aika aka gaya wa mai ruwa ya ajiye jarka a zaure. Ta ce, "Yanzu kuma daga tsofaffin za ki fara, kamar yadda na ce tun farko." Ban yi musu ba.

Sai a gwaji na takwas diskin ya buɗe. Daga nan bai sake kullewa ba ko sau ɗaya. Tsofaffin shekarun hotunansu ƙanana ne, suka riƙa wucewa da sauri: 2006 zuwa 2009 kafin rana ta faɗi, Asabar muka kai 2012. Gwaggo ta ɗaga kallabin daga gefe, ta buɗe dosiyen a sabon diski, ta kira Lalla. Hoto ɗari da goma sha huɗu. Lalla ta zaɓi wanda Hussaina ke duban gefe ana ɗaura mata ɗankwali, ta ɗora yatsar yarinyar a kan allon ta ce, "Ga ta nan." Muka wanke mata shida. Ta bi motar kasuwa ranar Lahadi.

Litinin ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da shida, muna tsakiyar 2014, ƙarar ta canza, ta zama wani siririn kuka, ta ɗauke. Na gwada sau arba'in cikin kwana biyu. Bai sake buɗewa ba.

Abin da ya tafi: rabin 2014, duk 2015, duk 2016. Hoto dubu ashirin da bakwai da ɗari uku da tara, biki da suna ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na lissafa awannin da muka zubar wurin sake ƙirga, talatin da ɗaya sau minti hamsin, kusan awa ashirin da shida. Abin da ya rage mana bai kai awa tara ba. Na gaya wa Gwaggo wannan lissafin, ta ce in rufe kayen nan ko ta sa shi a murhu.

Ba ta yi kuka ba, ni dai ban gani ba. Washegari ta sa hijabi ta fita. Tana riƙe da gidajen nan ɗari biyu da goma sha ɗaya a kanta, kuma ta san ta taɓa wanke wa kowannensu album. Gida-gida take bi, ta gaya wa matar gidan gaskiya cewa amanarta ta salwanta a hannunta, ta roƙi aron album na yini ɗaya. Ni nake ɗaukar su da na'urar kwafi ranar Asabar, ta mayar kafin magariba. Wasu sun ba ta, wasu album ɗin gara ta ci, mata biyu sun ce tunda ya ɓace a bar shi ya ɓace. Ta je Kona sau biyu, ta je Mayahi sau ɗaya a bayan moto, tana da shekara hamsin da tara. Zuwa jiya mun dawo da dubu ɗaya da ɗari da arba'in.

Gida ɗaya ne ta ce ba za ta shiga ba, gidan amaryar nan ta 2016. Na ce ai wannan ba sai an roƙa ba, a cikin dubu ashirin da bakwai shi kaɗai ne na tabbata yana nan da ransa, a wayoyin mutanen da ba su san ko sunanta ba. Ta ce in na sake faɗin haka in daina zuwa ɗakinta.

Yanzu diski biyu gare ta, duka a kulle, kowace Juma'a da azahar nake kwafe na farko cikin na biyu. Na mayar mata da murfin yadda Abdul Razak ya bar shi, don ta ce in ba haka ba ba ta iya zama kusa da na'urar. Makon jiya ina zaune mai ruwa ya yi sallama, ordinatar ma a kashe take, hannun ya tashi ya sauke murfin.